Wasan da Tirwun Ta So Mu Faɗi

Ku 'ya'yana, kun taso kuna jin ana cewa mahaifinku ne ya kashe ƙungiyar Tsamiya. Wasunku sun ji a teburin mai shayi, wasu a gidan kallon ƙwallo. Ke kuwa Hauwa daga bakin dangin mijinki kika ji, kika zo kika tambaye ni, na ce ki bari tukuna. To, ga amsar. Zan ba da labarin yadda aka koya mini a gidan rediyo: wa ya yi, me ya yi, a gaban wa. Ba zan ƙara wa kowa laifi ba, ba kuma zan rage wa kowa ba. Amma kada ku ga na rubuta a tsanake ku ɗauka na huce. Ban huce ba.

Tsamiya ƙaramar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce da na kafa a Tirwun ina tsakiyar aikina na karanta labarai. Wata saura ce, gonar da aka daina nomawa, aka ba mu aro, akwai tsamiya a gefenta inda 'yan wasa ke rataye riguna, daga nan sunan ya samo asali. Mutane suna ɗauka riƙe ƙaramar ƙungiya nishaɗi ne. Kasuwanci ne, kuma mai cin rai. Kuɗin ƙofa ba ya sayen ko ruwan da 'yan wasa za su sha, domin rabin 'yan kallo ta kan katanga suke dirowa, sauran kuma kowa ɗan'uwan mai tsaron ƙofa ne. Abin da ke riƙe ƙungiya irin tamu shi ne ka raini ɗan wasa har babbar ƙungiya ta gan shi ta saye shi, ka ɗauki abin da aka ba ka ka raini wasu. Da haka muka rayu. Ba mu yi arziki ba, ba mu kuma taɓa fasa zuwa wasa ba.

Sai dai ƙungiyar ba da sunana aka yi mata rajista ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa wannan ba. Dokar wurin aikinmu ta hana ma'aikacin da ke karanta labarin wasanni ya mallaki ƙungiya. Da na kai maganar gida, Dada, kakarku, ba ta ga abin tunani a ciki ba. Tun rasuwar mahaifinmu duk abin da ya shafi gidan da sunan Yaya Inuwa ake yi, daga gona har mitar wuta. A gidanmu na cikin gari ƙani ba ya sa sunansa a kan abu alhali wansa na raye. Aka sa sunansa a matsayin mai ƙungiya, ni kuma aka ci gaba da kirana Ciyaman a baki. Zan faɗi abin da ya yi na alheri, don kada 'ya'yansa su ce na danne. Siminti da rodi da kwano yake sayarwa, kuma da unguwar Gwallameji ta fara cika da sababbin gidaje Allah ya buɗa masa. Shi ya ba da bulon da aka kewaye filin. Shi ya ba mu tsohuwar bas da muke tafiya da ita. A madadin haka sunan shagonsa ne a ƙirjin kowace riga tamu. Amma bai san sunan mai tsaron ragarmu ba, bai taɓa kwana a hanya da mu ba sa'ad da bas ta mutu, kuma idan ya zo kallo yakan tashi a hutun rabin lokaci.

Akwai abin da sai kun gane shi za ku gane sauran. Gasar ƙwallo a ƙasar nan hawa-hawa ce. Ƙungiyar da ta zo ta ɗaya a rukuninta takan hau rukunin da ke sama. Wurin zaman nan da ƙungiya ke da shi a rukuni shi ake kira gurbi, kuma ana sayar da shi kamar yadda ake sayar da rumfa a kasuwa. Mai saye ba ruwansa da 'yan wasanka, ba ruwansa da filinka ko sunanka. Zai ɗauki gurbin ya kai garinsu, ya laƙaba sunan da yake so, ya zuba nasa 'yan wasan. Gurbin ƙaramin rukuni irin wanda muke ciki ba mai kallonsa. Na rukunin da ke samanmu kuwa attajirai da 'yan siyasa layi suke yi a kansa, domin a can ake sa wasa a rediyo, ake kiran sunan mai ƙungiya.

A shekarar da nake ba ku labari, ga mu a saman teburi, saura wasa ɗaya, kuma a gida. In mun ci mun hau. In mun yi kunnen doki ko aka ci mu, ta biyu ta wuce mu. Tirwun ba ta maganar komai sai wannan. Har manoman Miri suna hawo babura su zo kallon atisaye.

Kocinmu, Bulus, mutumin kudancin jihar ne, tsohon ɗan wasan baya, marar yawan magana. Shi ya fara lura. Wata rana da yamma muna tsaye a bakin fili ya nuna mini wata baƙar mota mai lambar wata jiha.

"Ciyaman, wannan mota ya zo jiya ma. Mai sayen ɗan wasa yana fitowa ya duba ƙafa. Waɗannan ba su fito ba. Ko gilashi ba su sauke ba."

Na ce wataƙila zafin rana suke gudu.

"Da direban Alhaji yayanka suka zo," in ji shi. Ya busa usur ya koma cikin fili.

Washegari na je shagon Yaya. Na same shi ana loda wa wata tifa siminti. Na durƙusa na gaishe shi kamar kullum, ya sa aka kawo mini kujera. Bai yi wani kewaye-kewaye ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai, domin da ya ji nauyin maganar da ya ɗan ɓoye ta.

"Ai dama ina son ganinka, Ɗahiru. Mun gama magana da mutanen. In kun hau, sun ɗauki gurbin. In ba ku hau ba, babu ciniki. Saboda haka ka ja wa yaran nan kunne, ranar Asabar ba wasa."

Na ce, "Yaya, wane gurbi?"

"Kai ma ka san wane. Rukunin sama ba wurin zamanmu ba ne. Can ana zuwa har bakin teku wasa. Da wace mota? Wannan akwalar? Wa zai ciyar da su? Kai da albashinka?"

"Da an zauna da ni, da na kawo hanyoyi. Akwai masu son shigowa da hannun jari."

"A zauna da kai a kan me? Kayana ne zan sayar."

Na dube shi. Ya ɗauke kai yana yi wa masu lodi tsawa kada su fasa masa buhu. Na ce masa mutanen nan ba za su ɗauki 'yan wasanmu ba, ranar da aka sa hannu ranar Tsamiya ta mutu. Ya ce in ina so in sake tara wasu a ƙarƙashin bishiyar, ai ba a sayar da bishiyar ba. Ya yi dariya. Masu lodi ma suka taya shi, don shi ke biyansu.

Hanya biyu nake da ita ta halal. Ko in kai ƙara, tunda garin nan kaf shaida ne a kan wanda ya kafa ƙungiyar, ko in fito da maganar fili a ji, mai saye ya tsorata ya janye. Kafin in bi ko ɗaya sai na bi ta ɗakin Dada, kuma ashe Yaya ya riga ni. Na same ta a kan dardumarta tana jan carbi. Kun san Yaya ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, Babba take ce masa.

"Babba ya faɗa mini. Ka saurare ni da kyau. Muddin ina numfashi ba za ku tsaya gaban alƙali ba. Kuma bakin nan naka da duk jiha ke ji, in ka kira sunan ɗan'uwanka da shi, ban yafe ba."

"Dada, abin da na raina ne tun ba shi da ko raga."

"Ni ma abin da na raina nake karewa. Ku biyu ne kawai gare ni."

"To, in yi yaya?"

Ta dube ni kamar yadda take dubana ina yaro idan na kasa gane abu mai sauƙi.

"Ba cewa aka yi sai kun ci za a sayar ba? Ku bari a ci ku mana. Shi ya rasa cinikinsa ba wanda ya ci masa fuska, kai ka tsira da kayanka, ni in huta."

Ita ta fara faɗar wannan magana, kuma ita kaɗai nake yi wa uzuri, domin ba ta taɓa ganin fili ba. Sauran da suka faɗa bayanta sun san abin da suke cewa.

Kafin Laraba labari ya cika Tirwun. Direban Yaya ba ya riƙe magana. Ranar Alhamis da hantsi sai ga Garba Kuge a ƙofar gidana da mutanensa. Shi ne shugaban magoya bayanmu, kugen da yake kaɗawa a fili ya zama sunansa. Mutumin nan na sha shiga tsakaninsa da alƙalan wasa. Ya taɓa bin wani da gora har cikin gonar dawa don ya hana mu fenareti. Yau shi ne ya zauna a tabarmata yana murza hula.

"Ranka ya daɗe, abin nan ba wuya. Ka ajiye manya, ka zuba na benci. Ko a raɗa wa gola magana ɗaya. Mu mun yarda, wallahi ba wanda zai yi ihu. Mu da kanmu za mu raka baƙin 'yan wasan tasha."

Na ce, "Bana mun faɗi. Baɗi fa?"

"Baɗi Allah na nan."

"Allah na nan, Yaya ma na nan, mai saye ma na nan. Baɗi in mun kai wasan ƙarshe sai mu sake faɗuwa? Kana so in riƙe ƙungiyar da aikinta shi ne ta yi ta ci har ta zo bakin ƙofa ta kwanta? Wane uba zai kawo mini ɗansa? Wace ƙungiya za ta sayi golan da aka san ana raɗa masa magana?"

"Ciyaman, wannan duk turancin rediyo ne. Mu dai muna son ranar Asabar ta zo mu sami inda za mu."

"Ku tashi mu je shagon Alhaji ku faɗa masa haka. Ni zan shige gaba."

Nan fa kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ɗaya ya ce Alhaji babban mutum ne. Wani ya ce ƙaninsa a wurinsa yake lodi. Garba ya ce shi kwanon ɗakinsa ma Alhaji ne ya taimaka masa. Ku riƙe wannan, domin a nan fushina ya fi tsayawa. Ba su jahilci wanda ya sayar ba. Sun san shi sarai. Sun dai auna mu biyu, suka ga ni ne wanda za a iya zama a tabarmarsa a ce ya yi abin kunya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tara 'yan wasa a fili. Na faɗa musu komai, ban rage ba. Na ce in sun ci, ƙungiya ta hau, an sayar, kuma ba na jin za a ɗauki ko ɗaya daga cikinsu. In ba su ci ba, muna nan yadda muke. Kyaftin ɗinmu Buba ne, Bafulatanin da iyayensa suka zauna a gari, magidanci mai 'ya'ya, yana walda da safe yana atisaye da yamma. Manyan ƙungiyoyi sun wuce shi tun yana matashi, ya zauna da mu. Shi ya yi magana a madadinsu.

"Baba, kai me kake so mu yi?"

"Ina so Tsamiya ta rayu. Amma ba zan ce muku ku faɗi ba. Ba zan kuma canza ko mutum ɗaya a cikin masu farawa ba."

"To ai ka bar mu a tsakiya ke nan."

"Na bar ku a inda aka bar ni."

Wani daga baya ya ce abincinsu ne fa ake magana. Na ce na sani. Suka juya ga Bulus. Ya daɗe yana juya usur a hannu.

"Ni ban iya koya wa mutum faɗuwa ba. Ba a koya mini ba. Wanda ƙafarsa ba zai iya gobe ba, ya faɗa yanzu, ba zan zage shi ba."

Ba wanda ya ɗaga hannu. Ba kuma wanda ya dube ni da za su watse.

Saura alƙalai. A ƙananan rukunai mai masauki ne ke tarbar alƙalin wasa da mataimakansa, ya sauke su, ya ciyar da su. Kowa ya san abin da ke faruwa a ɗakunan otal kafin wasan ƙarshe. Na je tasha da kaina na ɗauko su, na wuce da su gidan nan, ɗakin baƙi na zaure, wanda yanzu ya zama shagon ɗinkin 'yar'uwarku Sadiya. Na gaya wa alƙalin dalili, cewa ba na so kowa ya kai musu kuɗi kafin wasa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Oga, an sha tsare ni don a doke ni. Yau ne na farko za a tsare ni don kada a ba ni kuɗi."

Da safiyar Asabar, bayan sun karya, mahaifiyarku ta ja ƙofar ɗakin ta datse da kwaɗo, ta ɗaure makullin a haɓar zanenta, ta koma cikin gida ta ɗora tukunya. Ba ni na sa ta ba. Ta ce ta san ni, in wana ya miƙo hannu ya ce in ba shi makulli ba zan iya hana shi ba. Gaskiya ta faɗa.

Garba Kuge ne ya fara zuwa, da wata leda a hammata, ya ce gaisuwa ya kawo wa baƙi daga magoya baya. Na nuna masa benci. Bai gama zama ba sai ga motar Yaya. Shi ma aljihun babbar rigarsa ya yi nauyi ta gefe ɗaya. Ya ce ya zo ya ga alƙalai a matsayinsa na mai ƙungiya. Suka zauna a benci ɗaya, wannan ya zo sayen faɗuwa, wancan ya zo sayen nasara, suna tambayar juna iyali da gajiya. Garba har da gyara wa Yaya takalmi. Bai ce masa uffan a kan gurbi ba.

Yaya ya ce in buɗe. Na ce makulli na wurin Rabi. Ya ɗaga murya ya kira ta. Ta fito da mayafi ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi har da tambayar mutan gida ɗaya bayan ɗaya.

"Kawo makullin ɗakin nan."

"Yaya, yana ɗaure a zanena, kuma ƙullin ya cije. Tun ɗazu nake fama."

"Ki yanke shi."

"Sabon zane ne, Yaya. Kai ka ba mu da Sallah."

Daga cikin ɗaki muka ji alƙali ya shaƙe da dariya. Yaya ya miƙe ya kaɗe riga. Ya ce mini in dai na san yaran za su ci ba tare da taimako ba, shi ba shi da asara. Ya shiga mota. Garba ya ɗaga masa hannu biyu har ta sha kwana, sannan ya juyo ya tofar da yawu a ƙofar gidana.

Na yi shekaru ina ba da labarin wasanni, ban taɓa ganin irin na ranar ba. Fili ya cika har kan katanga. Baƙin 'yan wasan da muka kara da su ba su da abin nema, ba su da abin tsoro, sun zo ne su cika ƙa'ida su koma, suna tsammanin zagi da jifa kamar yadda aka saba. Sai suka ji ana yi musu tafi. Duk sanda ɗan wasansu ya taɓa ƙwallo, kugen Garba ya ɗauka. Duk sanda namu suka nufi raga, fili ya yi tsit har kana jin numfashin masu gudu. Mutanen da suka san sunan uwar kowane ɗan wasanmu, su ne ke kiran golanmu suna cewa ya tuna da 'ya'yansa. Ya kaɗe wata ƙwallo da ta nufi kusurwa, aka yi masa ihu kamar ɓarawo. Ba zan ce kowa a cikin namu ya yi wasa da zuciya ɗaya ba. Na ga ƙafafun da suka yi sanyi, ban kuma taɓa kiran sunan masu su ba. Aka tafi hutu ba ci.

An yi nisa da dawowa muka sami bugun kwana. Aka bugo ta sama. Buba ya taso daga baya ya sa mata kai, ta daki ƙasa ta shige. Bai yi gudu ba, bai ɗaga hannu ba. Ya tsaya a inda ya dira yana kallon ragar. Ledar ruwa ta fara sauka a kansa, sai takalma, sai duwatsu. 'Yan wasan baƙi ne suka kewaye shi suka kare shi. Da aka tashi, 'yan sanda ne suka fitar da mu daga filinmu, mu da muka ci, muka hau rukunin da muka yi shekaru muna nema. An fasa gilashin motata. Yaya bai zo ba, yana shago, a waya aka gaya masa.

Sauran ba shi da tsawo. Aka sa hannu, gurbi ya tafi wata jiha da wani suna. Ba su ɗauki kowa ba. Direban Yaya ne ya kawo wa Bulus saƙo cewa a gaya wa yara an sallame su, a kuma dawo da bas da riguna. Bulus ya koma garinsu yana koyar da wasanni a wata firamare. Buba ya daɗe ba wanda ya kai masa aikin walda a Tirwun, sai da ya tashi da iyalinsa ya koma wata unguwa. Na yi ƙoƙarin sake tara wasu, iyaye suka hana 'ya'yansu. Filin kuwa mai shi ya yanka shi fuloti-fuloti, kuma kun san shagon da aka sayi simintin ginin. A duk tsawon wannan ba wanda ya jefi ko ƙyauren shagon nan. Ana wucewa ana cewa Alhaji barka da kasuwa. Ni ne mai taurin kai, ni ne wanda aka roƙa ya ƙi.

Juma'ar da ta biyo bayan sa hannun, Dada ta kira mu ɗakinta. An kawo tuwo an ajiye a tsakiya. Yaya yana cikin fara'a.

"Ɗahiru, ai sai in yi maka godiya. Da ka bi ta mutanen nan da ciniki ya lalace. Na ware maka rabonka."

Na ce ya riƙe. Dada ta ce to, in ba zan karɓa ba, in buɗe baki a gabanta in ce na yafe wa ɗan'uwana, magana ta mutu a ɗakin nan.

Na ce, "Dada, kin hana ni kotu, na bari. Kin hana ni magana, na yi shiru, kuma zan ci gaba da shiru muddin kina raye. Zan gaishe shi a durƙushe kamar yadda na saba. In ya riga ni, ni zan shiga kabarinsa in karɓe shi. Amma yafiya da sharaɗi ɗaya. Ya je Tirwun, a tara masa 'yan wasan nan, ya tsaya a gabansu ya ce shi ya sayar. Ba sai ya ba su haƙuri ba. Ya dai faɗa da bakinsa, suna kallonsa. Ranar zan yafe."

Yaya ya ce, "Ni zan je in tsaya gaban 'yan ƙwallo?"

Dada ta dube shi, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce, "Babba, ai ba nisa."

Ya wanke hannu ya jawo kwanon tuwo, ya ce za a duba.

Dada ta ƙara shekaru tana tambayata kowace Sallah, ina ba ta amsa ɗaya, har ta koma ga Allah ba ta ji abin da take so daga bakina ba. Wannan yana cikin abin da na biya, kuma ya fi gilashin mota da zagin gari ciwo. Yaya ya rayu bayanta da lafiyarsa, da motarsa, da direbansa. Na cika abin da na ce, ni na karɓe shi a kabari. Daga ƙofar shagonsa zuwa Tirwun, ko shayi ka zuba ba zai huce ba ka isa. Bai je ba.